Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Lahadi, 4 ga Muharram, ƙarfe 4:20 na yamma

An rufe ɗakin ajiyar bayanai na Cibiya yau. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya zo da takarda mai hatimi, ya manna ta a ƙofa, ya karɓi makulli daga hannun Rawan. Rawan ita ce maƙwabciyar teburina, shekara shida muna shan shayi daga flas ɗaya. Ta dawo ta zauna, ta ce mini da Larabci ƙasa-ƙasa, "An kafa lajna." Kwamitin bincike ke nan. Na ce to. Na ɗauko auduga na shiga goge madannan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, har aka tashi.

Cibiyarmu ta gwamnati ce. Aikinmu binciken lafiyar alhazai: zafi, ruwa, cunkoso. Mu rubuta rahoto, na sama su karanta, su ce a kafa rumfar ruwa a nan, a ɗauke ta daga can. Ban san wa nake yi wa wannan bayani ba, littafi dai ba ya tambaya.

Da Hausa nake rubutawa, da boko. A unguwar Utaibiyya, nan Makka, aka haife ni, kuma a gidanmu ba mai karanta wannan rubutu, har Baba. Ni ma sai da na girma na koya, a hannun Malam Datti.

Ban yi niyyar rubuta sunansa yau ba.

Litinin, 5 ga Muharram, ƙarfe 6:10 na safe

Mukayyif ɗina, na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗigar da ruwa. Na tara masa roba.

Talata, 6 ga Muharram, ƙarfe 1:30 na rana

Dakta Muhannad, shugaban sashenmu, ya tara mu. Duk ranar da ya fesa turare da yawa akwai magana, yau kuwa tun daga matattakala ake jin sa.

Rahoton bara ne ake bincike. Rahoton ya ce tsofaffin alhazan Afirka ta Yamma sun fi kowa jure zafin Mina, jikinsu ba ya saurin rasa ruwa. An yi mana tafi a taro, an ɗauki Dakta hoto yana riƙe da kofin yabo. A kan wannan rahoto ne bana aka ɗauke rumfar ruwa da ma'aikatan jinya daga sansanin tsofaffin, aka kai wani wuri. Abin da ya biyo baya a ranakun jifa, kowa a ɗakin ya sani. Ba wanda ya faɗi adadin waɗanda suka rasu. Dakta ya kira shi "abin da ya faru", mu ma muka koyi kiransa haka.

Lajnar mutum biyar ce, kuma yana cikinta. Shi ya sa hannu a rahoton, shi zai binciki rahoton. Kura aka ba ajiyar nama. Na so in ji haushi, na laluba cikina ban samu ba.

Laraba, 7 ga Muharram, bayan Magariba

Baba shekararsa saba'in da ɗaya, amma duk Hajji sai ya tafi Mina tura keken marasa ƙarfi. Mun hana, mun gaji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya ce mini Rabi'atu, sai Uwata.

Muna cin wake da burodin tamis ya ce, "Uwata, bana na ga abin da ban taɓa gani ba, wallah. Wani shayib, tsoho ɗan Maraɗi, na ce ya hajji sha ruwa, ya ce ai ya sha da safe. Leɓensa duk ya tsage. Na ɗora shi a keke, ina gudu ina yalla yalla a ba ni hanya. Kafin in kai asibitin sansani…"

Bai ƙarasa ba. Ya ci gaba da gutsurar burodi.

Na tashi na ce zan duba tukunya. Babu tukunya a wuta.

Alhamis, 8 ga Muharram, ƙarfe 11:00 na safe

Rawan aka ba rubuta bayanan zaman lajna, saboda ta fi kowa saurin hannu. Bai kamata ta gaya mini komai ba. Ta gaya mini.

An gano inda ɓarnar take. Takardun tambayoyi ɗari biyu da goma sha ɗaya, na tsofaffi maza, duk amsa ɗaya suka bayar a tambaya ta goma sha huɗu. Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya ba sa yin jiki ɗaya. Wani ne ya cike gurbin da kansa. Kuma duk takardun da sunan mutum ɗaya suka shiga na'ura: Datti.

Malam Datti Basakkwace ne, ya haura arba'in, yana digirin dakta a fiƙihu a jami'a. Ba ma'aikacinmu ba ne. Lokacin Hajji Cibiya take ɗaukarsa na sati biyu, ya yi mana tafinta da tambayoyi. Duk Juma'a a gidanmu yake cin abincin rana, Baba yana ce masa ɗana.

Rawan ta ce, "Miskini, da ganinsa ba ka ce zai yi haka ba."

Na ce, "Haka ne."

Juma'a, 9 ga Muharram, ƙarfe 3:00 na rana

Bai zo cin abinci ba. Baba ya duba ƙofa sau uku.

Asabar, 10 ga Muharram, bayan La'asar

Ashura. Baba ya sa na dafa shinkafa da kaza, ya ce in kai gidan Malam Datti a Aziziyya su sha ruwa da ita. Na ce kaina yana ciwo. Ya ce mota za ki shiga, ba a ka za ki ɗauki tukunyar ba.

Aziziyya ta zama fayau, alhazai sun tafi, manyan gidajen sun rufe tagogi. Malam ba ya nan. Matarsa Shifa ta buɗe mini. Ta girme ni da kaɗan amma Yaya Rabi take ce mini, wai ni 'yar gari ce. Ta zaunar da ni, ta nuna mini tarin takardun kundin digirinsa a kan tebur, babi bakwai, an ɗaure kowane babi da roba. Shekara bakwai yana rubuta shi. A Rabi'ul Awwal aka sa masa ranar kare shi gaban malamai.

Sai ta ɗauko wata takarda daban. Cibiya ta rubuta wa jami'a cewa ana tuhumarsa da ƙirƙirar bayanai. Jami'a ta dakatar da karatunsa har lajna ta gama. In an same shi da laifi, an kore shi ke nan. In an kore shi, iƙamarsu, takardar zamansu a ƙasar, ta faɗi, sai gida.

"Yaya Rabi, ke kina ciki," ta ce. "Mutumin ga ko canjin kanti aka ƙara mai sai ya koma ya maida. Mi ya faru a Mina?"

Na ce ban sani ba. Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ta ce amin da ƙarfi, ta riƙe hannuna tana faɗa.

Na yi mata sallama na shiga mota.

Lahadi, 11 ga Muharram, ƙarfe 6:00 na safe

Robar ta cika. Na zubar, na mayar.

Litinin, 12 ga Muharram, ƙarfe 5:15 na yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya, in huta.

Bara, ranar farko a Mina, an kafa mana tebur biyu a bakin rumfa. Dakta ya raba aiki da lambar sansani, ya ce kada wanda ya sauya. Tebur na ɗaya Malam Datti, na biyu ni. Kafin azahar na'urar hannuna ta mutu saboda zafi. Malam ya miƙo mini tasa a buɗe, da sunansa da lambar sirrinsa, ya ce shi zai yi nasa a takarda ya shigar daga baya. Haka muke yi a Cibiya tun da na zo. Na'ura biyar, ma'aikata goma sha biyu, kowa ya sani.

Sansanin da ya faɗo mini na tsofaffi maza ne.

Tambaya ta goma sha huɗu tana cewa: sau nawa ka yi fitsari yau, kuma wane launi ne? Akwai kati mai launuka da za a nuna wa mutum, daga fari zuwa ja-ja. Ita ce tambayar da take nuna jiki ya fara bushewa. Sauran duk rakiya ce.

Na farko da aka kawo mini tsoho ne mai jan gemu, ya yi jika da ni. Ya ji ina Hausa ya yi murna, ya tambaye ni 'yar gidan wa ce, ya ciro goro daga jakar wuyansa ya ba ni. Na yi masa ta ɗaya har ta goma sha uku. Da na zo ta goma sha huɗu harshena ya yi nauyi. A gidanmu ko kalmar ba a faɗa gaban babba, sai dai a ce zan kewaya. Ta yaya zan ɗaga kati in ce wa kakana ya nuna mini? Na dube shi, yana murmushi, yana zaune daram. Na ce a raina ai lafiyarsa ƙalau. Na danna gurbin farko, wanda ya ce komai daidai.

Na biyu ya fi sauƙi. Na goma ban ma ji komai ba.

Na yi tunanin in ce wa Malam mu yi musaya. To amma sai na faɗa masa dalili, dalilin kuma shi ne kalmar da na kasa faɗa. Kwana uku ina dannawa.

Shi ke nan. Na rubuta. Ban huta ba.

Laraba, 14 ga Muharram, ƙarfe 2:00 na rana

An kira Malam gaban lajna. Na gan shi ta gilashi yana jiran a buɗe masa, da farar jallabiya da aka goge sosai. Na shiga banɗaki na zauna a kan murfi har na ji an rufe ƙofa.

Rawan ta ce minti goma kawai ya yi. An tambaye shi, na'urar taka ce? Ya ce tasa ce. Lambar sirrin taka ce? Ya ce tasa ce. Akwai wanda ya yi aiki da ita ban da kai? Ya ce shi aka damƙa wa amanarta, ba shi da abin ƙarawa.

Ya sani. Ai ya san waɗanda ya yi a takarda da waɗanda bai yi ba.

Alhamis, 15 ga Muharram, ƙarfe 7:00 na safe

Na yi barci kamar gawa. Wannan ma abin kunya ne.

Lahadi, 18 ga Muharram, ƙarfe 12:40 na rana

Na shiga ofishin Dakta Muhannad na rufe ƙofa. Na ce ni ce na yi aiki da na'urar Malam Datti.

Ya ɗaga hannu. "Ustaza Rabi'a, ban ji abin da kika ce ba. Kada ki maimaita."

Na maimaita.

Ya tashi ya zuba mini gahawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Datti ɗan aikin sati biyu ne, in shi ne, wasiƙa ɗaya ta rufe magana. Ni kuwa ma'aikaciyar dindindin ce. In ni ce, za a tambayi wa ya horar da ni, wa ya duba aikina, me ya sa mutum biyu suke aiki da lambar sirri ɗaya. Daga nan sai a buɗe rahotannin shekara biyar. Sashen zai tafi, da Rawan, da kowa.

"Shi zai koma ƙasarsa, malami ne, ba zai rasa aiki ba," ya ce. "Ke ina za ki koma? Halas, magana ta ƙare. Sha gahawarki."

Na sha. Ina so in rubuta cewa na ajiye ta na fita, amma na sha, har na gode masa.

An ci moriyar ganga, za a ya da korenta. Da ni a cikin masu cin.

Talata, 20 ga Muharram, ƙarfe 6:10 na safe

Ba komai.

Laraba, 21 ga Muharram, ƙarfe 6:10 na safe

Ba komai. Shifa ta kira sau biyu jiya. Na bar wayar ta yi ta kuka a cikin jaka.

Juma'a, 23 ga Muharram, bayan La'asar

Baba ya dawo daga Harami ransa a ɓace. Ya haɗu da Malam a wajen takalma, ya ji labari. Ya zauna a falo bai cire hula ba, yana ta faɗa. Wai Cibiyarmu azzalumai ne, sun ga baƙo ba shi da kowa. Wai gobe zai je da kansa ya ga mudir, shugaban Cibiyar.

Na ce, "Baba, ba shi ba ne. Ni ce."

Na faɗa masa duka, idona a kan kafet. Da na zo kan tambayar ban faɗi kalmar ba, na ce tambaya ce ta abin da ya shafi kewayawa. Ya gane.

Ya cire hularsa ya ajiye. Ina jin masu kantin ƙasa suna sauke kaya daga mota.

"Da na ji kin yi wa tsoho wannan tambaya," ya ce, "da na ce ban yi tarbiyya ba. Ni na koya miki wannan kunyar, da hannuna." Ya shafa fuskarsa. "Amma kunyar kwana uku ce, ya binti. Wannan ta sati uku da kika bar bawan Allah a rana, ba ni na koya miki ita ba."

Bai ce mini Uwata ba.

Sai ya tambaya, "Shayib ɗin nan na Maraɗi, da rumfar tana nan, da ya rayu?"

Na ce ban sani ba. Wannan karon gaskiya na faɗa.

Asabar, 24 ga Muharram, ƙarfe 9:00 na safe

Na yi kuka yau ina wanke kofuna. Kamar na minti biyu. Ya tsaya da kansa.

Litinin, 26 ga Muharram, ƙarfe 3:30 na yamma

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tsallake Dakta, na rubuta wa shugaban lajna, Dakta Abdulilah, cewa ina da magana. Ya ba ni minti goma sha biyar.

Maza biyar a dogon tebur, Rawan a gefe da kwamfuta. Dakta Muhannad bai ɗago ya dube ni ba, yana ta juya biro. Na faɗi abin da na faɗa wa Baba.

Dakta Abdulilah dattijo ne mai natsuwa, ba mugu ba ne. Ya miƙo mini takardar ya ce in karanta tambaya ta goma sha huɗu. Na karanta da Larabci tiryan-tiryan, muryata ko rawa ba ta yi ba.

"To ga shi kin karanta gaban maza biyar," ya ce. "Ina wahalar?"

Na ce da Larabcin ofis aiki ne. Da Hausa kuwa, gaban tsohon da ya ba ni goro, ba na iyawa. Suka dubi juna. Ɗaya ya yi ɗan murmushi.

Sai Dakta Muhannad ya yi magana. Ya ce kowa ya san mahaifina ya ɗauki Datti kamar ɗa, kuma abin yabo ne yadda nake son in rufa masa asiri. Amma lajna da hujja take aiki. Na'ura ta ce Datti, Datti ya ce na'urarsa ce. Ni mece ce hujjata?

Ba ni da ita. Wannan ne abin dariyar. Na yi laifi, ba ni da shaidar da zan nuna cewa ni na yi.

Na ce a tambayi kowa a sashen yadda muke musayar na'ura. Dakta Abdulilah ya ce wannan ya fita daga hurumin da aka ba lajna. An ce su gano wanda ya shigar da bayanan, ba a ce su binciki tsarin aikin Cibiya ba. Na tambaya wa ya rubuta musu hurumin.

Dakta Abdulilah ya ce wa Rawan, "Rubuta: ma'aikaciya ta halarta, ta ba da shaidar kyawun halin wanda ake tuhuma."

Rawan ta dube ni, ta rubuta.

Talata, 27 ga Muharram, ƙarfe 10:00 na safe

Rawan ta zo da flas ɗinta daban yau. Ban san ko don abin da na yi bara ba ne, ko don abin da na yi jiya. Ban tambaya ba.

Alhamis, 29 ga Muharram, ƙarfe 1:00 na rana

Hukunci ya fito. Shafi ɗaya da rabi. An janye rahoton bara, an yaba wa sashenmu bisa haɗin kai. Malam Datti ba zai sake aiki da Cibiya ba, kuma an sanar da jami'a.

An kawo kek ofis. Wai don an rufe magana lafiya.

Lahadi, 2 ga Safar, ƙarfe 4:45 na yamma

Ban je aiki ba. Baba ya tashe ni da hantsi, ya sa jallabiyarsa ta Idi. Ya ce ai kowace hukuma tana da wadda ta fi ta, mu je can.

Akwai majalisar da take sa ido a kan Cibiya, ofishinta a wani dogon gini. Na rubuta komai, shafi huɗu, na sa hannu, na sa lambar katina. Baba ya tsaya a bayana a layi, duk da akwai kujeru. Mai karɓar takardu ya buga hatimi, ya ba ni lamba a 'yar takarda. Ya ce za a amsa cikin kwana sittin na aiki.

Baba ya sunkuya wajen tagar ya ce, "Ya waladi, mutum ne za a kora. Ba a iya sa ta a sama?"

Mai karɓar takardun ya ce, "Ya ammi, duk waɗannan mutane ne." Ya nuna tarin da ke bayansa.

Na tambaya wa zai fara duba takardar. Ya ce ƙa'ida ita ce a fara aika ta Cibiya, shugaban sashen da abin ya shafa ya yi sharhi.

A mota Baba ya ce, "Kin yi naki." Na jira in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Yana nan inda yake.

Talata, 4 ga Safar, ƙarfe 6:30 na safe

Jami'a ta kori Malam jiya. An buga musu bizar fita, ba dawowa. Sun sayi tikitin ranar Asabar.

Laraba, 5 ga Safar, ƙarfe 2:15 na rana

Dakta Muhannad ya gaishe ni a matattakala kamar ba abin da ya faru. Ya ce yana tunanin ni zan horar da masu tambayoyin baɗi, tunda na fi kowa sanin inda matsala take. Ban gane ko ba'a yake yi ba. Ina jin da gaske yake.

Juma'a, 7 ga Safar, bayan La'asar

Mun je Aziziyya ni da Baba.

Gidan duk kwalaye. Shifa ta buɗe ƙofa, ta gaida Baba har ƙasa, ta wuce ciki ba ta dube ni ba. Malam ya gaya mata, ko Baba, ban sani ba. Ina jin ta a ɗaki tana jan salatif da ƙarfi. Babobin nan bakwai suna cikin kwalin ruwan kwalba, an rubuta "littattafai" a jiki.

Malam ya shimfiɗa wa Baba darduma, shi ya zauna a kan akwati. Ya rame. Baba ya fara magana, sai ya nuna ni da hannu.

Na ce, "Malam, na faɗa musu. Na faɗa wa lajna, na rubuta wa majalisa. Ga lambar." Na miƙa masa 'yar takardar kamar wani abu ce.

Ya karɓa ya duba, ya mayar mini. "Na ji, Malama Rabi'atu. Allah shi saka."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗi sunana ba?"

"Shekara bakwai ina cin tuwon gidanku," ya ce. "Da wane baki? Na yi zaton ke za ki hwaɗi, tun satin farko. Na yi ta jira." Bai faɗa da zafi ba. Da ya yi zafi da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa. Ban shirya yin haka ba. Na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana kallon kwalin littattafan. Jan salatif ya tsaya a ɗaki, na san Shifa tana saurare.

"Nawa na yahe," ya ce. "Karatu na Allah ne, in da rabo za a yi shi wani wuri. Na yahe, duniya da lahira." Ya numfasa. "Amma na tsohwahhin nan ba nawa ba ne, Malama. Ba ni da ikon yahe shi. Kada ki tashi nan kina zaton an gama."

Baba ya ce, "Sadaƙta." Ya kama kafaɗata ya tashe ni.

Asabar, 8 ga Safar, ƙarfe 11:20 na safe

Motarsu ta kama hanyar Jidda ƙarfe tara. Baba ya raka su, ni ban je ba. Ba wanda ya ce in zo.

Gobe akwai aiki. Na goge abaya.